Kabad ɗin gilashi da ke juyawa ya zama ɓoyayyar ƙofa: wace dunduniya ce za ta iya ɗaukarsa?

A kusan kowane zauren gidan tarihi akwai ƙofar da ba ta baƙi ba ce: ta ɗakin ajiya, ko ta wurin allon wuta, ko ta lungun da ma'aikata ke bi. Ita ce ke raba jerin kabad-kabad ɗin gilashi gida biyu, ta cinye bango mai faɗin mita guda da ɗoriya, kuma duk yaron da ya zo wucewa sai ya murɗa hannunta ya ji ko a buɗe take. Dabarar da masu tsara zaure ke so ita ce a mayar da kabad ɗaya daga cikin jerin ya zama shi ne ƙyauren. Idan yana rufe, mai kallo kayan tarihi kawai yake gani a bayan gilashi. Idan ma'aikaci ya saki makulli ya tura, sai kabad ɗin gaba ɗaya ya juya, hanya ta bayyana.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Fadar Bakingham da ke Landan akwai wani falo da madubinsa da kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa suke buɗewa tare, ta nan iyalan gidan sarauta ke shigowa daga sashensu. A gidan tarihin Sir John Soane, shi ma a Landan, bangon ɗakin zane-zane da aka gina a 1824 faifai ne masu buɗewa, kowanne ɗauke da zane gaba da baya. A Amsterdam kuwa akwai kantar littattafan da Johan Voskuijl ya ƙera a 1942 don ɓoye ƙofar maɓoyar iyalan Anne Frank, Yahudawan da suka ɓuya daga 'yan Nazi. Amma a duba yadda ake tafiyar da biyun ƙarshe a yau. Faifan Soane ma'aikata ne kawai ke buɗe su, a hankali, a lokutan da aka tsara. Kantar Amsterdam kuwa an bar ta a buɗe an kare ta da gilashi, ba a ƙara kai da kawo da ita. Duk abin da ke ɗauke da kaya masu daraja, yawan motsi ba ya yi masa daɗi, kuma da wannan ma'aunin za a auna kayan da ke kasuwa.

Ba abu ba ne da ake shiga kanti a ɗauko a kwali. Manyan masu ƙera kabad ɗin gidan tarihi, irin su Goppion na Milan, da Glasbau Hahn na Farankfot, da ClickNetherfield na Sikotlan, aikin oda suke yi bisa zanen da aka ba su. Wanda bai kai nan ba, mai walda da mai gilashi zai haɗa. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ake saya a shirye shi ne ƙarfen juyi: dunduniyar ƙasa da ke ɗaukar nauyi, da fil ɗin sama da ke riƙe kai. Wanda ya san tsohon ƙyauren katako mai ƙafa a cikin rami, ƙasa da sama, ya riga ya san tsarin. Hinjin gefe irin na ƙofar ɗaki ba ya cikin lissafi, domin nauyin zai rataya ne a jikin bango, kuma cikin 'yan watanni bakin kabad ɗin zai fara jan ƙasa.

Lissafin nauyi tukuna

Mu ɗauki kabad mai tsayin mita 2.4, faɗi mita 1.2, zurfi santimita 40. Gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri. Gilashin da ya dace shi ne mai ninki, wato faifai biyu na milimita 5 da ledar da ke manne su a tsakiya, kaurinsa wajen milimita 11.5, nauyinsa kusan kilo 27 a murabba'in mita. Fuskar gaba mai mita 2 da mita 1.1 za ta ba da kilo 59. Gefe biyu, kilo 38. Kanta uku na gilashin milimita 10, kilo 24. Bayan kabad na farantin ƙarfe mai milimita 2, kilo 45. Firam ɗin ƙarfe da ba zai lanƙwasa ba, a ba shi kilo 90. Sinadarin tsotse laima kilo 15, fitilu da makullai da rufin gindi kilo 20, kayan da za a baje kilo 20. An tashi a kilo 310 da 'yan kai.

Wannan adadin kaɗai ya kori rabin abin da ake tallatawa.

Ƙarfen juyi mai sifirin da ake binnewa a ƙasa, irin wanda ke ƙarƙashin ƙofofin gilashi na bankuna da manyan shaguna, shi ne abin da mai aiki zai fara kawowa domin shi ya sani. Samfurin BTS 75 V na kamfanin dormakaba iyakarsa kilo 120, don haka ba a ma tsaya a kansa ba. Babban wansa, BTS 80, yana ɗaukar kilo 300. Ƙarfe ne mai aminci, ana saita saurin rufewarsa, kuma masu gyaransa ba su da wuyar samu. Sai dai kabad ɗinmu ya riga ya haura iyakarsa tun kafin wani ya ce a ƙara kanta ɗaya. Na biyu, sai an fasa daɓe an binne akwatinsa mai zurfin kusan santimita 6, abin da ba za a yarda da shi ba a ginin da shi kansa kayan tarihi ne. Na uku, murfinsa na ƙarfe yana kwance a ƙasa, kuma idan zurfin kabad bai rufe shi duka ba, asiri ya tonu tun daga bakin zaure. Ga ƙaramin kabad da bai wuce kilo 200 ba, a sabon gini, zaɓi ne mai kyau. Ga babba, a'a.

Rixson 370 na Amurka, wanda kafintocin can ke yawan sawa a ɓoyayyun kantocin littattafai, yana ɗaukar wajen kilo 225. Ba ya rufe kansa, ba shi da birki. Mai sauƙi ne kuma ba ya lalacewa da wuri, amma kabad ɗinmu ya haura iyakarsa.

Wanda ya fi kusa da biyan buƙata shi ne na kamfanin FritsJurgens na ƙasar Holan. Bambancinsa shi ne duk injin yana shiga cikin gindin ƙyauren ne, abin da ke taɓa daɓe ɗan faranti ne kawai da ake kafewa a ƙananan ramuka marasa zurfi. System One dunduniya ce zalla, tana ɗaukar har kilo 500, ba ta rufe kanta. System M da System M+ suna da birkin mai a ciki, suna rufe ƙofa da kansu, suna riƙe ta idan ta buɗe digiri 90, kuma mafi girman ajin System M+ shi ma yana kai wa kilo 500. Akwai fil ɗin sama mai rami a tsakiya wanda wayar fitila ke bi ta ciki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: wayar da aka bari tana lanƙwasa a bayan kabad duk buɗewa, wata rana cikinta zai tsinke, fitila ta riƙa ƙyaftawa ba a san dalili ba.

Inda yake da rauni: tsada, da kuɗin waje, da jiran kaya idan wani abu ya lalace. Sannan an tsara shi ne don ƙyaure shafaffe wanda nauyinsa ke kan layi ɗaya da dunduniya. Kabad kuwa nauyinsa ya karkata gaba, wajen gilashi. Don haka kada a dogara da jadawalin nauyi kawai, a tura wa kamfanin zanen kabad ɗin da inda tsakiyar nauyinsa take, a samu amsa a rubuce. Akwai kuma saitin da ke System M+ wanda ke ƙara wa ƙofa ɗan ƙarfi a ƙarshen rufewa don harshen makulli ya shiga. A ƙofar gida alheri ne. A kabad mai kanta uku na gilashi, wannan ɗan bugun shi ne abin da ake gudu, sai a sauke shi ƙasa gaba ɗaya.

Ra'ayina, tsakanin System One da System M+, na biyun ya fi, ba don rufe kai ba, sai don birki. Kilo 310 da ya fara tafiya ba ya tsayawa da hannu ɗaya, kuma ma'aikacin da ya ɗauko kwali da hannu biyu da ƙafa zai tura.

Sai na huɗu, wanda ba shi da suna a kasuwa: mai walda ya samo boris ɗin mota mai ɗaukar nauyin tsaye, ya yanka shaf, ya haɗa dunduniya. Nauyi kam zai ɗauka, har ya yi rara. Abin da ba ya bayarwa shi ne saiti. Dunduniyar kamfani tana da sukurun da ake murɗawa a matsar da ƙyaure milimita biyu ko uku bayan an rataya shi. Ta walda in ta karkace, sai dai a sauke kabad a yanke a sake. Idan dole sai ita, a yi wa farantin sama ramuka masu tsawo don a iya zamar da shi, a sa boris mai rufi saboda ƙura, a kuma ƙara birkin mai daban a baya.

Inda aka fi faɗuwa: kusurwa da gefen bango

Ƙyaure siriri yana juyawa ba tare da ya nemi fili ba. Kabad mai zurfin santimita 40 ba haka yake ba. A ce zai buɗe ciki, zuwa ɗakin baya. Dunduniya za ta zauna kusa da bayansa, santimita 5 daga baya, santimita 10 daga gefe. Daga nan zuwa ɗaya gefen santimita 110 ne, zuwa fuskar gaba kuma 35. Kusurwar gaba ta can nesa tana yawo ne a kan da'ira mai nisan santimita 115.4 daga dunduniya. Ma'ana sai an bar rata ta santimita 5 da rabi tsakanin kabad da bango a wannan gefen, in ba haka ba zai ci karo tun bai motsa taku guda ba. Rata mai shigar yatsu uku kuwa ba ta ɓoyuwa da fenti.

Maganinta biyu ne. Ko a datse gefen bangon a karkace, bakinsa na gaba a matse, cikinsa a buɗe, ko a kafa wani siririn ƙarfe ko katako a jikin bango ya rufa kan ratar daga gaba. Na biyun ya fi sauƙi, da sharaɗin a maimaita irin wannan siririn tsakanin duk sauran kabad-kabad ɗin jerin, don kada wannan ya fita daban. Idan waje zai buɗe, zuwa cikin zaure, sai a juya lissafin: dunduniya kusa da gaba, kusurwar baya ce za ta nemi fili, marufin ratar kuma a jikin kabad za a kafa shi. Buɗewa ciki ta fi ɓoyuwa kuma ba ta bugun baƙon da ke tsaye yana karatu, amma tana cin filin ɗakin baya.

A kuma san abin da zai rage na hanya. Kabad mai faɗin 120 idan ya buɗe sosai, zurfinsa yana tsaye a cikin ƙofar, abin da ya rage bai fi santimita 75 ba. Mutum zai wuce. Amalanken ɗaukar kaya ko babban akwati ba lallai ba. A auna mafi girman abin da zai bi ta nan kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Hanya mafi arha ta kauce wa duk wannan ita ce a yanka samfurin gindin kabad ɗin da falanki, daidai girmansa, a kafa ƙusa a inda dunduniya za ta zauna, a juya shi a ƙasa a wurin da za a kafa. Aikin rabin awa ne, kuma yana nuna duk inda zai goga.

Sama da ƙasa

Tsakiyar nauyin kabad ɗinmu tana nisan kusan santimita 50 daga dunduniya. Kilo 310 sau rabin mita, a raba da tsayin mita 2.4, ya ba da jan kusan kilo 65 a kan fil ɗin sama, ja na gefe, dare da rana, kuma alkiblarsa tana sauyawa duk lokacin da aka buɗe. Silin ɗin filasta ko na allo ba zai riƙe wannan ba. Sai kankaren linta, ko ƙarfen da aka gitta aka ɗaure da bango biyu. A ginin ƙasa da azara irin Gidan Makama na Kano, ba a ma fara tunanin huda rufi ko bango ba. Abin da ake yi shi ne firam ɗin ƙarfe mai tsayuwa da kansa, ƙafa biyu da gitta a sama da faffaɗan faranti a ƙasa, ya ɗauki ja da nauyi duka ba tare da ya jingina da tsohon gini ba.

Fil ɗin sama dole ya zauna daidai saitin dunduniya. A sako igiya mai nauyi daga sama, ko a yi da hasken leza, kada a yarda da ido. Kuskuren milimita uku ya isa ya sa kabad ya riƙa buɗe kansa a hankali ko ya ƙi zama a buɗe. Daɓe kuma a bi duk da'irar da bakin kabad zai zaga da lebur. Idan an bar ratar milimita 10 a ƙasa, daɓen kuma ya tashi milimita 5 a cikin mita guda, rabin ratar ta tafi, ragowar kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta cike ta. Kada a ɗora farantin dunduniya kan tayil mai rami a ƙarƙashinsa. A ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar fanko a cire shi a cike.

Wasu suna sa taya a can bakin kabad don ta taimaka da nauyi. Ba na goyon baya. Cikin 'yan makonni za ta zana baka a kan daɓe, layi mai sheƙi da ke nuna wa kowa inda ƙofa take. Kuma duk mahaɗar tayil da ta taka, girgizar tana hawa kai tsaye zuwa kanta. Idan kabad yana buƙatar taya, firam ɗinsa ne bai yi ƙarfi ba, a sa masa ƙarfen gicciye a baya daga kusurwar sama ta wajen dunduniya zuwa kusurwar ƙasa ta nesa.

Ban da zanen taya, abubuwan da ke fallasa irin wannan ƙofa ƙanana ne: hasken ɗakin baya da ke leƙowa ta ƙasa, da tabon yatsu a wuri ɗaya a jikin gilashi inda ake turawa, da layin ƙura da iska ke turowa ta rata. Burushin ƙofa a gindi da baƙin fenti a cikin rata suna maganin na farko da na uku. Na biyun kuwa sai an yi wa ma'aikata wurin turawa na ƙarfe a ƙasa, ko ɓoyayyen mariƙi a gefe.

Kabad ne har yanzu

Kyakkyawan kabad ɗin gidan tarihi ana so iskar cikinsa ta sauya kashi ɗaya cikin goma kacal a yini. Wannan ne ke ba sinadarin silika mai tsotse laima damar riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 60, kuma tsohon ƙiyasin masu adana kaya shi ne kilo 20 ga kowace kubik mita, wanda ya ba mu kilo 15 ɗin can. Duk juyi yana ɗan murɗa firam, murɗawar kuma tana buɗe bakin roba. Shi ya sa ya kamata a yi shi gida biyu: firam ɗin waje mai ɗaukar nauyi da juyi, da akwatin ciki mai toshewa wanda ke zaune a kan roba. A Kano, inda laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 da hunturu ta haura 70 a watan Agusta, firam ɗin katako ba zai yi ba. Ratar da aka saita da damina za ta buɗe baki da rani, wadda aka saita da rani ta cije da damina.

Kayan ciki ma a kula. Silikon mai warin tsami yana fitar da asid da ke cin darma da tagulla, a nemi marar wari. Allon garin katako da aka matse da gam shi ma yana fitar da irin wannan tururi. Ulu da baƙar roba suna baƙanta azurfa. Gwajin da Andrew Oddy ya fito da shi a gidan tarihin Birtaniya a 1973 shi ne ma'auni: a rufe abin da ake zargi tare da 'yan guntayen azurfa da jan ƙarfe da darma, kwana 28 a zafin digiri 60, a ga ko sun sauya. A nemi mai kawo kaya ya nuna sakamakon wannan gwaji na yadi da fenti da roba.

Me za a sa a ciki? Abin da za a iya ɗaurewa: takubba da māsu a kan maƙalan tagulla masu laushin baki, tsabar kuɗi a cikin gurbinsu, hotuna, kwafin kayan da asalinsu ke ajiye. Abin da ba za a sa ba: tukwane da gumakan yumɓu irin na Nok, da duk abin da aka taɓa liƙawa bayan ya fashe, da rubutun hannu mai tawadar da ke ɓarɓashi, da duk abin da ke tsaye da gindinsa kawai. Ɗanƙon da ake manna gindin kaya da shi yana aiki a kan gilashi da tangaran mai sheƙi, amma yumɓu marar sheƙi yana shanye shi ya bar tabo. Gwaji mai sauƙi kafin a sa komai: a ɗora kofi cike da ruwa har baki a kantar sama, can nesa da dunduniya, a buɗe a rufe sau ashirin kamar yadda mai gaggawa zai yi. In ruwa ya zuba, a rage gudun birki a sake.

Makulli biyu ne, kuma kada mabuɗi ɗaya ya buɗe su: na juya kabad, wanda mai shara da mai gyaran wuta za su riƙe, da na buɗe gilashi, wanda ke hannun mai kula da kaya. Daga ɗakin baya dole ya buɗu da hannu ba tare da mabuɗi ba, ko da wuta ta ɗauke. Idan makullin maganaɗisu ne mai aiki da lantarki, a san cewa yana sakewa da zarar wuta ta tafi, don haka sai da batir.

Ba a lissafa shi a matsayin hanyar tsira daga gobara, domin ƙofar da aka yi don kada a gan ta ba za a same ta cikin hayaƙi ba. Ba ya kuma tare wuta. Idan bangon na raba zaure da ɗakin ajiya ne, a bar ɗan soro a bayan kabad, a sa ƙofar gobara ta gaske a ƙarshensa.

Ga hanyar da ake bi sau biyu ko uku a yini, a zaure mai daɓen kankare, da kayan da aka ɗaure, kabad mai juyawa a kan System M+ ya cancanci kuɗinsa. Ga hanyar da ma'aikata ke zirga-zirga daga safe zuwa yamma, gara ƙofa shafaffiya mai launin bango, a manna mata babban hoto ko taswira, a bar kabad ya zauna a inda yake. Bayan an kafa, a sake duba saitin fil ɗin sama da tsaurin notuna bayan wata guda, sannan sau biyu a shekara, da shigar hunturu da faɗuwar damina, a riƙa auna ratar ƙasa a bakin nesa ana rubutawa. Idan ta ragu da milimita biyu, a kwashe kayan ciki kafin a taɓa sukurun saiti.